Jirgin da Mai Tafiya a Ƙasa Ke Wucewa

Da Baba ya ga ruwan, shiru ya yi na ɗan lokaci. Ya gyara zaman hularsa, ya dube ni, ya ce, "Kai, wannan kwatar ce ka biya kuɗi mu zo mu shiga?"

Ban ga laifinsa ba. Mutumin Yawuri ne, a bakin Kwara ya tashi, tun yana saurayi yake bin manyan kwale-kwale da lodin albasa da busasshen kifi. Ya san ruwan da in ka tsaya a wannan gaɓa ba ka hango waccan. Yanzu ga shi tsaye a ƙauyen Wrenbury na Ingila, ana nuna masa wani ruwa mai launin shayi da madara, wanda faɗinsa bai kai titin unguwa ba, zurfinsa kuma a wurare da yawa bai wuce ƙirjin mutum ba, ana ce masa a kansa za a yi kwana bakwai.

Ziyarar wata uku ya kawo mana a Manchesta, inda nake aikin jinya. Sati biyun farko ya ji daɗi, daga nan zaman ya ishe shi. Ni ina aikin dare, maman yara tana nata, yara biyu suna makaranta, shi kuwa daga taga sai carbi. Ya ce unguwarmu maƙabarta ce mai motoci, ba mai sallama ba mai amsawa. Wata abokiyar aikina, Baturiya da ta kusa ritaya, ita ta ba ni shawarar mu ɗauki hayar jirgin kanal a hutun makaranta na ƙarshen watan Mayu. Ta ce in za mu yi sau ɗaya tak a rayuwa, mu yi na Llangollen, wanda ya ƙare a wani gari mai wannan suna a Wales. Na ce ban taɓa tuƙa ko kwale-kwale ba. Ta ce ba a neman lasisi, za a koya mana a wurin. Na shiga intanet na zaɓi jirgi mai gadon mutum shida, na biya kafin alƙalami, sauran kuma na cika da lokaci ya matso. Duka ya tashi wajen fam 1,600 har da mai. Ban gaya wa Baba adadin ba, don na san zai juya shi zuwa naira ya hana kansa barci.

Da na ce masa kanal za mu, cewa ya yi, "Na soja?" Mutanen Kura da Kadawa sun san kalmar, sai dai nasu na noman rani ne. Na Ingila don dakon kaya aka haƙa. Wanda ya buɗe ƙofa shi ne na Bridgewater a 1761, da ya riƙa kawo kwal daga Worsley zuwa Manchesta har farashinsa ya faɗi kusan rabi, daga nan kowa ya dukufa haƙa. Doki ɗaya ne a gaɓa yake jan jirgi da igiya, shi ya sa har yau kowane kanal yake da 'yar turba a gefensa. Jirgin ƙasa ya zo ya kashe kasuwar. Yanzu akwai wajen mil 2,000 na irin waɗannan hanyoyin ruwa a Ingila da Wales a hannun ƙungiyar Canal & River Trust, wadda ta karɓe su a 2012, kuma galibin masu binsu 'yan hutu ne da waɗanda suka mai da jirgi gidan zama. Abin kunya, na yi shekaru ina tsallake na Bridgewater ɗin a mota ban taɓa tambayar ina ya nufa ba.

Jirgin namu kore ne da jan layi, tsawonsa ƙafa 62, faɗinsa ƙafa 6 da inci 10. Wannan faɗin ba ra'ayin maƙera ba ne: ƙofofin ruwan da zai ratsa ƙafa 7 ne, in ya ƙara ko kaɗan ba zai shige ba. Cikinsa kamar an ɗauki gida an murza shi ya zama lungu ɗaya. Ga gadaje, ga banɗaki biyu, ga madafa da murhun gas da ƙaramin firji, ga ɗan falo a gaba, amma in mutum biyu suka haɗu a hanya sai ɗaya ya manne da bango. An gargaɗe mu kada mu zo da akwati mai tauri, don haka a jakunkuna muka zubo kaya. Maman yara ta yi dambun nama cike da roba, muka sayo kaji a shagon halal na Cheetham Hill, ga garin tuwo, kuka, daddawa, yaji, da buta biyu. A ƙauyukan da za mu ratsa ba ka sa ran samun mahaucin Musulmi.

Wani saurayi ma'aikacin wurin ya ɗauki sama da awa guda yana zagayawa da mu. Ya nuna inda ake duba man inji kowace safiya, da yadda ake cika tankin ruwa a famfunan gaɓa, da wani murfi a bayan jirgi da ake buɗewa a zura hannu a cire ciyawa ko leda in sun naɗe farfela. Nan ya tsaya ya dube ni ido cikin ido: a kashe inji, a zare makulli a sa a aljihu tukuna, kuma in an gama a ɗaure murfin tamau, don jirage sun nutse a kan wannan sakacin. Ya ce wutar lantarki daga batiri take, injin ne ke cika shi, a manta da dutsen guga. Ya ba yara rigunan ceto. Sannan ya zo kan tuƙi. Babu sitiyari, wata doguwar sandar ƙarfe ce a baya, mai tuƙi yana tsaye a waje, rana ko ruwa. In kana son zuwa dama, hagu za ka tura ta. Babu birki, sai dai ka sa giyar baya. Jirgin a tsakiyarsa yake juyawa, in hanci ya yi nan gindi can zai yi. Iyakar gudu mil huɗu a awa, in za ka wuce jiragen da ke ɗaure kuma ka rage har ya zama kamar ba ka tafiya. In kun haɗu da wani, kowa ya riƙe damarsa, kamar a titunan gida, duk da cewa motocin Ingila hagu suke bi.

Ya raka mu muka wuce gadar Wrenbury, wadda ake ɗagawa da makulli a tsayar da motoci har jirgi ya shige, sannan ya yi tsalle ya sauka, ya ɗaga mana hannu. Shi ke nan. An bar ni da ƙarfe mai nauyin sama da tan 15 da iyalina a ciki.

Ban yi minti ashirin ba na daki gaɓa. Na ga kwana, hannuna ya yi abin da ya saba a mota, jirgi ya nufi inda ban so, na ƙara turawa da ƙarfi, ya ƙara tafiya can. Muka ji gum, kofuna suka yi kuka a madafa, auta ta fashe da dariya. Na sake, na sake dukan ɗaya gefen. Matsalar ita ce jirgin ba ya amsa maka nan take. Ka tura sanda, sai ya yi kamar bai ji ba, sai bayan ka ƙosa ka ƙara sannan ya biya ka duka biyun a tare. Baba yana zaune a gaba a kan kujera bai ko waiwayo ba, sai muryarsa na jiyo, "Ana lallaɓa ruwa, ba a yi masa tsawa."

Maman yara ta ce, "Yallaɓai, kawo in ɗan taɓa." Na ba ta don in nuna mata abin ba wasa ba ne. Ta riƙe sandar da yatsu uku, ta kafa ido a can gaba, ta shige ƙarƙashin wata matsattsiyar gada ba ta ko shafi bango ba. Baba ya ce, "Madalla da 'yar nan." Tun daga wannan yammacin aka raba aiki ba tare da an yi shawara da ni ba: ita ce direba, ni ne yaron mota.

Aikin yaron mota kuwa a lok yake. Lok shi ne dabarar da ke sa jirgi ya hau tudu, kuma sai da na yi na farko a Marbury da hannuna na gane shi. Ɗaki ne dogo na bulo, ba rufi, tsawon jirgi ɗaya da faɗinsa, da ƙofar katako a kowane ƙarshe. Ruwan da ke bayan ƙofar sama ya fi na ƙasa tudu da kamar tsayin mutum ko fiye. In za ka hau, sai ɗakin ya zama ruwansa daidai da na ƙasa. Ka buɗe ƙofofin ƙasa, jirgi ya shiga, ka rufe. Ka tafi ƙarshen sama da wani lanƙwasasshen ƙarfe, irin hannun da ake tayar da injin niƙa da shi, ka sa a bakin wani gatari mai haƙora ka yi ta juyawa. Wannan ke ɗaga wata 'yar taga a ƙarƙashin ruwa. Ruwa ya kwararo cikin ɗakin yana tafasa, jirgi ya riƙa tasowa a hankali, kan matarka da ke can ƙasa cikin duhu da gansakuka ya fito fili, sai kafaɗa, sai ga ta daidai da kai. Sannan ka buɗe ƙofar sama ta fita, ka rufe ƙofa da tagogi, ka bi ta da gudu.

Ƙofar tana da wani katon gungume da ake jinginawa da baya a tura, an ma jera bulo a ƙasa don ƙafa ta sami matoka. A lok na farko na ga ruwa ya kusa cika, saura bai fi faɗin yatsu biyu ba, na jingina na tura. Ko motsi. Na kira yarona mai shekara goma sha biyu, muka haɗu, har jijiyar wuyana ta tashi. Wani tsoho da ke yawo da karensa ya tsaya yana kallonmu, ya ce mu huta, ko mu goma ne ba za ta buɗu ba sai ruwan ciki da na waje sun daidaita. Muka zauna a kan gungumen. Bayan kamar minti ɗaya sai na ji ya motsa a ƙarƙashina da kansa, yaron ya tura shi da hannu ɗaya. Baba ya sauko ya zagaya ɗakin sau biyu, ya leƙa nan ya leƙa can. Ya ce ya daɗe da jin cewa madatsar Kainji tana da ƙofar da aka yi don jirage su wuce, amma bai taɓa fahimtar yadda jirgi zai haye bango ba sai yau. "Ashe ba injin ke ɗagawa ba. Ruwan ne da kansa." Daga ranar bai sake cewa kwata ba.

Daga Wrenbury zuwa Llangollen lok 12 ne, cikin 21 da ke kanal ɗin gaba ɗaya. Shida daga cikinsu a wuri ɗaya suke, Grindley Brook, inda muka isa ranar Lahadi da hantsi. Uku na ƙarshe a manne suke kamar matakala, ƙofar saman wannan ita ce ƙofar ƙasan na gaba, kuma in ka rikita tsarin cikawa da zubarwa sai ka bar jirgi a kan laka ko ka malale gaɓa. Saboda haka akwai masu kula a wurin, suna shigar da jirage uku su hau, uku su sauko. Mun tarar da layi, muka yi kusan awa biyu. Na fara duba agogo ina tsaki, irin na wanda ya saba da ƙararrawar majinyata. Da na waiwaya sai na ga babu mai tsaki sai ni. Mutane sun fito da kofunan shayi, wannan yana taya wancan tura ƙofa, wata mata tana koya wa auta sunayen agwagi. Baba, da Turancinsa na zamanin elementare, ya sami wani dattijo suna hira da baki da hannu a kan kamun kifi.

Wannan ne abin da ya fi ba shi mamaki a tafiyar, ni ma haka. Mutanen da a Manchesta za ku yi shekara kuna haɗuwa a bakin ƙofa ba su ce maka uffan ba, a kan ruwa kowa gaisuwa yake. Mai tuƙi ya ɗaga hannu, mai keke a turba ya ɗaga, mai ƙugiya ya gyaɗa kai. Baba ya mai da kujerarsa ta gaba fada, yana amsa gaisuwa yana rabawa. Ya ce ashe ba rashin tarbiyya ba ne, sauri ne ya cinye musu sallama. Akwai ladubban wurin kuma da ba a rubuta a allo ba. In ka iso lok ka tarar da shi cike, kuma ga jirgi yana tahowa daga sama, ba ka zubar da ruwan don kanka, sai ka jira ya shiga ya sauko da shi. Na karya wannan sau ɗaya cikin rashin sani. Matar da ke ɗaya jirgin ba ta ce komai ba, murmushi kawai ta yi, irin murmushin Turawa da ya fi zagi ciwo.

Bayan Whitchurch ƙasa ta baje. Muka yi ta ɗaga ƙananan gadoji na gonaki da ƙarfen juyi, muka ratsa Whixall Moss, wata fadama mai faɗi da baƙar ƙasa inda kanal ya miƙe sambal, ba gida ba mota. A nan muka kwana. Ɗaure jirgi ba wuya: ka sami gefen turba inda ba kwana ba ne ba kuma bakin lok ba, ka kafa turaku biyu da guduma, ka ɗaure gaba da baya, kamar dai ɗaure doki. Ba a tafiyar dare da jirgin haya. Magariba a wannan lokacin ba ta faɗuwa sai tara ta wuce, don haka muka ci tuwo da miyar kuka a waje da sauran haske, shanu suna kallonmu ta tsallaken ruwa. Salla kuwa mun gane tun ranar farko cewa a tsaye ake yin ta, wato in an ɗaure. Kanal ba ya minti biyar bai karkata ba, in ka kabbara kana duban alƙibla kafin ka yi ruku'u ka koma duban Amurka. Muka riƙa yin ƙasaru muna haɗawa, a shimfiɗa darduma a kan ciyawar turba in ba kowa, Baba ya ja mu.

Litinin muka wuce tafkunan Ellesmere, muka tsaya a garin muka sayi burodi da madara muka cika tanki. A New Marton, lok biyu na ƙarshe, na ajiye ƙarfen juyi a kan gungume don in ɗaure takalmi. Sai na ji ƙulum. Akwai na biyu a jirgi, amma Baba bai bar maganar ba har yau. A nan ne kuma farfela ta naɗe wata tsohuwar igiya, na kwanta rub da ciki na zura hannu har kafaɗa cikin ruwan da sanyinsa ya sa na daina jin yatsuna.

Wani abu da muka lura da shi tun farko shi ne jirgin yana nishi a wuraren da hanya ta matse, kuma a bakin kowane lok akwai ruwa mai ƙarfi da ke fitowa ta gefe yana ture hanci. Yawancin kanal ruwansu a kwance yake, wannan kuwa gudu yake. Dalili shi ne daga kogin Dee ake ɗibarsa a can sama da Llangollen, kusan galan miliyan 12 a kullum, ya gangara har ma'ajiyar ruwa ta Hurleston ya zama ruwan sha a kudancin Cheshire. Wannan aikin ne ma ya cece shi. A 1944 doka ta rufe shi ga jirage, amma ba a cike shi ba saboda ana bukatar ruwan. Mu masu hawa muna gaba da shi ne, shi ya sa wani lokaci mai tura keken jariri a turba yake wuce mu, ya yi mana sannu.

Talata da sassafe muka iso Chirk. Gadar ruwa ta farko ke nan, wato gadar da kanal ɗin kansa yake bi ta kai, ta dutse, an gama ta a 1801, tsayinta mita 21 a kan kogin Ceiriog, ga ta jirgin ƙasa a gefenta ta ɗara ta tsawo. Ka shige ta kana Ingila, ka fita kana Wales. Kana fita kuma sai bakin rami, mita 421 a ƙarƙashin tudu, jirgi ɗaya yake ɗauka. Aka leƙa ba fitilar kowa a ciki, muka kunna tamu muka shiga. Sanyi, ɗigar ruwa a ka, ƙarar inji tana dawowa ninki biyu, ga wani ɗan farin ɗigo can gaba da ya ƙi girma. Auta ta ƙanƙame kakanta. Ya ce, "Haba amarya, ina nan kike tsoro?" Amma na ji shi yana karanta Ayatul Kursiyyu ƙasa-ƙasa.

Sai babbar. Sunanta Pontcysyllte, kuma na daina ƙoƙarin faɗarsa daidai tun da wani yaro ɗan Wales ya gyara mini sau uku. Thomas Telford da William Jessop suka gina ta, aka yi shekara goma ana aiki, aka buɗe ta a 1805. Tsawonta mita 307, tsayinta mita 38 a kan kogin Dee, a kan ginshiƙan dutse 18 waɗanda samansu holoƙo ne don rage nauyi, an kwaɓa turminsu da farar ƙasa da jinin shanu. A 2009 UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya. Duk na karanta wannan kafin mu zo. Karatun bai amfane ni da komai ba lokacin da bishiyoyi suka buɗe na ga abin da za mu hau.

Wani dogon kwami ne na zubin ƙarfe cike da ruwa, an ɗora shi a sama. Ta gefe ɗaya akwai turbar doki da shingen ƙarfe. Ta ɗaya gefen babu komai. Leɓen ƙarfen bai fi tafin hannu sama da ruwa ba, kuma ya yi ƙasa da inda mai tuƙi yake tsaye, don haka in ka duba ta nan ba ka ganin gada sam, sai iska, sai kan itatuwa, sai kogi can ƙasa yana fari a kan duwatsu, tumaki kamar an watsa farin wake. Muka sa yara a ciki suka leƙo ta taga. Ni na ce zan sauka in bi turba don in ɗauki hoto. Hoton gaskiya ne, amma ba shi ne dalilin ba, kuma maman yara ta sani. Ta tsaya ita kaɗai a baya, gyalenta yana kaɗawa, jirgi yana gogar ƙarfe a hankali, ba ta dubi ƙasa ba ko sau ɗaya. Daga baya ta ce mini tuƙin ma ba a yi, kwamin ne ke riƙe da kai, abin da ake yi kawai shi ne hana gwiwa rawa.

Baba kuwa ya miƙe tsaye a gaba, ya riƙe bakin rufi da hannu ɗaya. Ina tafe a turba daidai da shi, tazararmu ba ta fi taku biyu ba, don tafiyata da ta jirgin ɗaya ce. Bai yi magana ba har muka kai tsakiya. Sannan ya ce, ba da ni ba, "Kwami a cikin kwami. Kogi a ƙasa, kogi a sama. Allahu Akbar." A bakin mutanen ruwa kwami shi ne jirgin da aka fafe daga gungume, shi ne kuma abin da ake zuba wa dabbobi ruwa. Ban taɓa lura kalma ɗaya ce ba sai a wurin.

Daga Trevor, a ƙarshen gadar, an yi kwana mai tsanani zuwa hagu, sauran mil huɗu kuma su suka fi wahalar tuƙi. Hanyar a jikin dutse aka sassaƙa ta, ba zurfi, a wasu wurare jirgi ɗaya kawai take ɗauka kuma ba ka ganin gaba. Ni da yarona muka riƙa yin gaba a ƙasa da waya, in hanya ba kowa mu kira mu ce a taho. Mun ɗauki sama da awa biyu. A Llangollen akwai matsaya ta kuɗi da ba a wuce kwana biyu, nan muka ɗaure. Garin ƙarami ne a cikin kwari, kangon ganuwar Dinas Brân yana kan tsauni a samansa, kuma tun 1947 ake taron waƙe-waƙe na ƙasashen duniya a cikinsa kowace shekara. Jirgi mai inji ba ya wuce nan. Muka taka kusan mil biyu zuwa Horseshoe Falls, lanƙwasasshiyar madatsar da Telford ya yi don karkato ruwan Dee. A hanya muka haɗu da jirgin 'yan yawo da doki ke ja, wani ƙaton doki mai gashi a ƙafafu, yana tafe ba ko nishi, igiya ta yi sako-sako. A bakin madatsar Baba ya tsuguna ya ɗebi ruwan da hannu ya wanke fuska, ya ce wannan ne muka yi kwana uku muna gaba da shi.

Komowa ta fi sauri, ruwa yana tura mu. Na tsallake babbar gadar a cikin jirgi wannan karon, a zaune, ta gefen shinge. Saukar lok tana da nata haɗarin: a ƙarƙashin ƙofar sama akwai wani dakali na dutse da ruwa ke rufewa, an ja farin layi a bango don nuna iyakarsa. In gindin jirgi ya zauna a kai ana zubar da ruwa, hanci zai yi ƙasa. A Quoisley ina juya ƙarfe ina hira da wani, sai na ji Baba ya daka tsawa, "'Yar nan, gaba! Gaba!" Jirgin ya ɗan ja baya ba ta lura ba. Ta ba shi wuta, ya matsa, dakalin ya fito daga ruwa a bayanta, baƙi, yana zuba. Mutumin da ya ce ba a yi wa ruwa tsawa, ranar har shanun tsallake sai da suka ɗago kai.

Asabar da ƙarfe tara muka mayar da jirgi, na biya kuɗin ƙarfen da na jefar. Da muka taka ƙasa sai ta riƙa yi mana lilo, auta tana tafiya kamar ɗan maraƙi. A mota ban kai mil arba'in a awa ba Baba ya dafa kafaɗata ya ce ina za ni da wannan gudu.

Da daddare na jiyo shi a falo yana waya da wani abokinsa na Yawuri, tsohon matuƙin kwale-kwale, ya buɗe murya yadda suke yi in kiran na nesa ne. Yana ba shi labarin jirgin da ke hawa matakala, da kogin da aka ɗora a kan ginshiƙi, da surukarsa da ta tuƙa su a sama da tsuntsaye. Can na ji ya yi shiru, sai kuma ya ce, "Ni ne zan yi maka ƙarya da furfurata?" Ya ƙwala wa yarona kira. "Kai abokina, zo ka tura wa wannan mutumin hoton nan. Wanda ubanka ya ɗauka daga ƙasa."